Taimako dan Allah: matakan toka a sikirin ɗin LCD 128x64 sun ƙi daidaita

Dan_Samaru:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu ilimin lantarki ku agaza min, yau kwana tara ina fama da abu ɗaya har ta kai ko na rufe ido layi-layi nake gani.

Furojek ɗina ne na shekarar ƙarshe, wata ƴar na'ura ce da ke duba cajin batirin sola tana zana giraf a sikirin. Sikirin ɗin irin 128x64 ɗin nan ne mai fitila kore-kore, kontirolarsa KS0108, ina tuƙa shi da ƙaramin bod ɗin STM32 shuɗin nan. Na san shi baƙi da fari kawai ya sani, amma na ga mutane suna fito da toka a irinsa ta hanyar kunna ɗigo da kashe shi da sauri har ido ya ruɗe, sai nace nima bari in yi matakai huɗu, fari, toka mai haske, toka mai duhu, sai baƙi, don inuwar ƙarƙashin giraf ta zama toka shi kuma layin bolt ya fito baƙi. Yadda nayi shine zagaye ɗaya hoto uku, toka mai haske ɗigon na kunne sau ɗaya cikin uku, mai duhu sau biyu cikin uku, na sa taima tana canza hoton duk bayan milisakan 15.

Toka dai ta fito amma wlh ba kyan gani. Mai duhun kusan ba ka bambanta ta da baƙi, ita kuma mai hasken da safe kamar babu ita, da rana sai tayi duhu. Sannan duk inda na rubuta lamba a sama sai kaga jirwaye ya sauko tun daga ƙarƙashin rubutun har ƙasan sikirin, tokar wannan layin daban da ta maƙwabcinsa alhali a kod lamba ɗaya na basu. Ga wata igiya da ke tafiya a hankali daga sama zuwa ƙasa kamar tsohuwar talabijin. Na murɗa bariyabul ɗin kontirast har na gaji, in na gyara wannan sai wancan ya lalace. Sikirin ɗin ne ya lalace in sayi wani ko ni ne ban iya ba? Saura sati uku difens kuma kuɗin hannuna ba yawa.

MaiGyaranTV:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai ba ɗan boko bane, shekara goma sha ina gyaran talabijin, amma abinda ka faɗa yayi kama da abinda muke gani kullum a shago. In aka kawo filasma, wato yadda mutane ke ce wa duk talabijin mai faɗi ko da LCD ce, hoto na fitowa amma fuskar mutum kamar an shafa mata toka ko kamar nagetif ɗin hoton da, to kai tsaye bod ɗin T-con, wato ƙaramin bod ɗin da ke tuƙa gilas, muke nufa mu auna wutar gamma. Akwai ƴan wurare a jere an rubuta musu GMA1, GMA2 har zuwa goma sha, wutarsu dole ta riƙa sauka kamar matakalar bene, daga kusa da AVDD, wato babbar wutar da ke ciyar da su, har kusa da sifiri. In kaga biyu sun zama ɗaya ko ɗaya yayi tsalle to IC ɗin gamma ya tafi, ka canza shi hoto ya dawo. Ɗayan kuma VCOM, wato wutar da duk ɗigogin gilas ke tarayya a kanta, in ta kauce sai hoto ya riƙa rawa, tokar ma ta fi nuna rawar, kuma in an daɗe sai hoton baya ya zauna a gilas. Ka nemo VCOM ɗin naka ka auna, ina kyautata zaton nan matsalar take. In kuma ba nan bane to gilas ne, ka haƙura ka sayi wani.

Malam_Lantarki:

Oga MaiGyara abinda ka faɗa daidai ne a talabijin, amma kada yaron ya tafi neman VCOM a bod ɗinsa don ba zai samu ba. Talabijin ɗinka TFT ce, kowane ɗigo da ɗan taransistonsa da ke riƙe masa wuta. Nasa sikirin ɗin STN ne, babu taransisto ko ɗaya a gilas ɗin, layukan kwance 64 ne da layukan tsaye 128 suka gitta juna, duk mahaɗa ɗigo ce. Kuma Dan_Samaru kada ka sayi komai tukuna, sikirin ɗinka lafiyarsa ƙalau, halin irinsa ne ka taɓo.

Bari in ɗan ja da nisa don sai ka gane wannan sauran zasu zo da sauƙi. Kontirola ba ta iya yiwa duk ɗigo magana lokaci ɗaya, layin kwance ɗaya take zaɓa ta bashi babbar wuta na ɗan lokaci, ta wuce na gaba, har ta gama 64 ta dawo. Kenan kowane ɗigo kashi ɗaya cikin 64 na lokaci ne ake masa magana, sauran kashi 63 yana zaune ne yana shan ƴar wutar da ake aikawa ƴan uwansa da suke layin tsaye ɗaya da shi. Shi kuma ruwan kiristal ɗin da ke tsakanin gilasan nauyin jiki gare shi, baya bin kowane bugu, matsakaicin ƙarfin wutar yake ji, wanda muke kira RMS. To tambayar itace, nawa ne bambancin RMS tsakanin ɗigon da aka ce ya kunnu da wanda aka ce ya mutu?

Wasu mutum biyu a kamfanin IBM, Alt da Pleshko, sun yi wannan lissafin tun 1974, suka nuna akwai iyakar da ba a wucewa ko me zakayi, kuma yawan layuka ne ke yanke ta. A layi 16 irin na ƙaramin sikirin 16x2 ɗin da kowa ke fara koyo da shi, bambancin kusan kashi 29 cikin ɗari ne. A layi 64 irin naka ya sauko kashi 13. A layi 240 bai kai kashi 7 ba. Shi yasa laftof ɗin farkon shekarun 1990 masu 640x480 ake raba sikirin ɗin biyu, sama 240 ƙasa 240, kowanne da direbansa, don a layi 480 kontirast ɗin zai ragu sosai. Shi kansa STN ɗin dalilin ƙirƙiro shi kenan a kamfanin Brown Boveri na Suwizalan wajen 1983, aka ƙara murɗa ruwan daga digiri 90 zuwa sama da 180 har 270 don ƴar ƙaramar canjin wuta ta isa ta juya shi daga fari zuwa baƙi.

Yanzu sa lamba a naka. Ace wutar tuƙin gilas ɗinka bolt 12 ce, wato daga +5 zuwa -7, da bayas 1/9, wato ɗigon da ba a zaɓi layinsa ba yana shan kashi ɗaya cikin tara na wutar, wanda shine daidai da layi 64. Ɗigo mai kunne yana ganin bolt 2.00, wanda ke kashe yana ganin 1.76. Kaga duk duniyar da ke tsakanin fari da baƙi bolt 0.24 ce. Kai kuma kazo kace a cikin wannan ƴar tazarar a yanka maka matakai huɗu, kowane mataki kusan milibolt 80. Da goma sha shida kace da kowanne milibolt 16 ne. To duk abinda ya taɓa wutar da milibolt 30 ko 40, a baƙi da fari ba wanda zai lura don can ƙarshe-ƙarshen ruwan ya riga ya gama juyawa, amma a toka rabin mataki ne ya tafi. Matsalolin da ka lissafo dama suna nan tun kafin ka fara, tokar ce ta tona musu asiri.

Jirwayen da ke sauka ƙarƙashin rubutu ga inda yake fitowa. Layukan da ke jikin gilas ba jan ƙarfe bane, wani sinadari ne mai ganin ta ciki da ake kira ITO, yana da turjiya sosai, sannan kowane ɗigo ɗan kafasito ne. Duk lokacin da direban layin tsaye ya sauya daga kunna zuwa kashe, wutar ba ta tashi tsaye cak, sai ta ɗan lanƙwasa kafin ta kai, a nan ana asarar ƴar RMS. Layin tsayen da ya ratsa ta cikin rubutu yana sauyawa sau da yawa, maƙwabcinsa da ba komai a kansa baya sauyawa, kenan RMS ɗinsu ya bambanta tun daga sama har ƙasa, shi yasa jirwayen baya tsayawa a wajen rubutun kaɗai. Kuma in layukan tsaye da yawa suka sauya tare, suna jan wutar layukan kwance ta cikin kafasiton ɗigogin, su ma su ɗan girgiza. In wutar bayas ɗinka ba ta da ƙarfin tsayawa, abin sai ya ninka.

Abinda zaka fara yi, juya bod ɗin sikirin ka nemi rizisto biyar a jere, huɗu darajarsu ɗaya, na tsakiya ya kai ninki biyar na sauran ko kusa da haka. Su ke yanka wutar gida-gida. Ka sa mita a kowace mahaɗa, in jimlar 12 ce to ya kamata kaga wajen 5, 3.67, 2.33, sai -4.33, -5.67, -7. Lambobin naka zasu bambanta gwargwadon inda ka tsayar da bariyabul, abin dubawa shine tazarar biyun sama da biyun ƙasa su zama ɗaya. Sannan ka duba ko akwai kafasito a kowace mahaɗa, masu arha da yawa ana barin gurbinsu fayau ba a sa ba. In babu ka sa, ko 100nF ne zuwa 1uF na siramik, ka lura da wanda zai jure wutar. A nan maganar Oga MaiGyara ta dawo, matakalar wutar da yake aunawa a gamma ƴar uwar wannan ce.

Batun toka mai duhu ta zama kamar baƙi kuwa ba laifin kowa bane. Yadda haske ke sauyawa da wuta a STN ba miƙaƙƙen layi bane, a hankali yake farawa, ya faɗa da gudu a tsakiya, ya sake lafawa. Ɗaya cikin uku da biyu cikin uku sun raba wuta daidai amma basu raba haske daidai ba, kuma idon mutum ma ba daidai yake auna haske ba, ya fi ganin bambanci a wajen duhu. Bariyabul ɗinka duk matakan yake turawa tare, sama ko ƙasa, baya buɗa tsakaninsu. Ka cika sikirin da sanduna huɗu a jere, ka murɗa har sai tokar biyu sun zauna a tsakiyar gangaren, ka yarda baƙin ya ɗan rage baƙi. Yawancinmu muna saita kontirast ne da rubutu, sai mu wuce da shi can inda baƙi yayi kirin, a nan kuwa biyu cikin uku ta riga ta shige cikin baƙi.

Dan_Samaru:

Malam Allah ya saka da alheri, wlh ko a aji ba a warware min haka ba. Na juya bod ɗin yanzu, ga rizisto biyar ɗin kuwa, kuma gurbin kafasito huɗu babu komai a kai sai dalma. Gobe in Allah ya kaimu zan shiga kasuwa. Amma Malam ita igiyar da ke tafiya fa? Ita tafi bani haushi don ko daga nesa ana ganinta, kuma na gwada 14 na gwada 16 a taimar, sai dai gudunta ya canza ko ta juya ta koma sama.

Yar_Kod:

Dan_Samaru ai ka ba kanka amsa da bakinka, tunda ka canza taima gudunta ya canza har ta juya. Agogo biyu gare ka kuma ba sa jituwa. Bod ɗin sikirin akwai IC uku, KS0108 guda biyu kowanne na riƙe da layukan tsaye 64, shi yasa kake da ƙafafun zaɓen IC guda biyu, CS1 da CS2, sai KS0107 mai layukan kwance, shi ke da osiletarsa yana zagaye gilas ɗin wajen sau 70 a sakan, bai san da zaman taimarka ba. Kai kana canza hoto duk milisakan 15, shi yana gama zagaye a 14 da ɗoriya, to wurin da canjinka ke riskarsa yana matsawa kaɗan-kaɗan kowane zagaye, wannan matsawar ce igiyar. Kuma ba igiya kaɗai ba, wasu layukan suna samun hoto ɗaya sau biyu wasu su rasa, kenan ɗaya cikin ukun naka ma ba ɗaya cikin uku bane a ko ina. Ba lambar da zaka sa a taima ta gyara wannan don osiletar rizisto da kafasito ce, tana yawo da zafi.

Maganin shine ka saurari sikirin ɗin da kansa. KS0107 yana fitar da sigina mai suna FRM duk farkon zagaye, ba a kawo ta kan ƙafafu 20 ɗin waje ba amma tana nan a bod, ka duba takardar bayanan IC ɗin ka gano ƙafar, ka bi layinta har inda zaka samu ɗan rami ko wuri mai faɗi, ka liƙa siririyar waya. Kaita ƙafar STM32 mai jure bolt 5 ka sa intarof a kai, wato duk sanda siginar ta zo kod ɗinka ya katse abinda yake yi ya canza hoto. Dan Allah ka auna kafin ka haɗa, kusa da wajen akwai layuka masu wutar nagetif, in ka kuskure ɗaya ya shiga bod ɗinka sai dai ka sayi wani, nayi wannan wautar a nawa shi yasa nake faɗa.

In ka samu FRM sai batun gudu. Hoto ɗaya bayit 1024 ne, kana da milisakan 14 ka tura shi. In laburaren da kake amfani da shi ƙafa ɗaya-ɗaya yake kunnawa ba zai kai ba, rubuta bayit ɗin gaba ɗaya a rijistar fot. Kuma ka bi tsarin shafuka, KS0108 ya raba sikirin shafi 8 kowanne layi 8, ana gama karanta shafi cikin ƙasa da milisakan 2, to kai ka riƙa bin bayansa, ya gama shafin farko ka rubuta sabon shafin farko a duka IC biyun, haka har ƙasa. Kada ka cika ɓangaren hagu duka sannan ka koma dama, in kayi haka tokar hagu da ta dama zasu bambanta kaga tsaga a tsakiya.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Ka tsaya a hoto uku ɗin nan, kada wani ya ruɗe ka ka koma biyu ko huɗu bayan ka haɗa FRM. Ruwan kiristal baya son wutar DC, tana lalata shi a hankali, shi yasa akwai sigina M da ke juya fuskar wutar duk zagaye, wannan fozitif na gaba nagetif. In hotonka biyu ne, ɗigon toka zai riƙa kunnuwa kullum a fozitif yana mutuwa kullum a nagetif, ragowar DC ta taru a kansa, bayan wani lokaci kaga inuwar giraf ɗinka ta zauna ko ka goge. Da uku kuwa, wanda ya kunnu a fozitif yanzu karo na gaba da zai kunnu a nagetif zai faɗo, cikin shida komai ya biya kansa. In kana son ƙarin zaɓi don gyara tazarar tokar da Malam ya faɗa sai dai biyar, ka ɗauki biyu cikin biyar da uku cikin biyar misali, amma 70 raba biyar 14 ne a sakan, ido zai gani. Ukun ma 23 ne, nauyin jikin ruwan ne kawai ke rufa maka asiri.

Dabarar rage ƙiftawar itace kada duk ɗigogin toka su kunnu a hoto ɗaya. Ka raba su, wannan ya fara a hoto na ɗaya, na kusa da shi a na biyu, na gaba a na uku, sai ido ya haɗa su. Amma ka sani in ka raba su ta tsaye, wato layi na sama daban da na ƙasansa, ka ƙarawa layukan tsaye yawan sauyi kenan, ka koma kan jirwayen da Malam yayi bayani. Ni na fi samun daɗi in raba ta kwance, layin tsaye ɗaya duk lokacinsa ɗaya, maƙwabcinsa ya bambanta. Gwada duka biyun dai ka gani da idonka.

Basakkwace:

Ni batun safe da rana nika son in taɓa, don mu nan shi munka hi sani. Wanga gilas da zahi ba su shiri. In ya ɗau zahi wutar da yake buƙata ta na raguwa, kai kuma bariyabul ɗinka na nan inda ka barshi, sai komi ya ƙara duhu, tokarka mai haske ta koma mai duhu. Na taɓa sa irinshi cikin akwatin inbata a ɗakin kwano, watan Afrilu da ake wuce digiri 40 a inuwa, da azahar sikirin duka ya yi baƙi ƙirin ko rubutu ba ka gani, da asuba ya dawo lahiya lau. Kuma zahi na sa ruwan ya saki jiki ya ƙara sauri, to ƙiftawar da ba ka gani da sanyin safiya da rana za ta hito. Ka sa tamista irin NTC, wato riziston da turjiyarshi ke sauka in ya ɗau zahi, cikin layin bariyabul ɗin ta riƙa rage wuta da kanta, ko tunda na'urarka ta sola ce wataƙila kana da abin auna zahi a ciki, ka yi amfani da shi ka riƙa saita kontirast daga kod. Tsohuwar Nokia 3310 ma kontirolar sikirin ɗinta na da wurin zaɓen yadda wuta za ta bi zahi, har iri huɗu. Kuma ka raba fitilar baya da wutar gilas ɗin, ka nisanta rigileta daga bayan sikirin, in gefe ɗaya ya hi ɗumi tokar wannan gefen daban za ta zama.

MaiGyaranTV:

To Malam na karɓi gyara, ashe gilas ɗin ma ba iri ɗaya bane. Amma wannan kunna-kashen da yaron ke yi ai har a manyan ma akwai ko? Don akwai monita masu arha da in ka ƙura ido a wuri mai duhu-duhu sai kaga kamar ƙananan tururuwa na motsi.

Malam_Lantarki:

Shine fa Oga, FRC sunansa, abu ɗaya ne da na Dan_Samaru. Gilas mai bit 6 matakai 64 kawai yake iyawa a kowace kala, sai a riƙa musanya matakai biyu maƙwabta cikin hoto huɗu a samu 253, shine zakaga an rubuta kala miliyan 16.2 maimakon 16.7 na mai bit 8 na gaskiya. Tururuwar da kake gani tsarin rabon ne irin wanda Yar_Kod ta faɗa. Ita kuma VCOM ɗinka, lokacin da taransisto ke rufewa wutar get na faɗuwa daga sama sosai zuwa nagetif, sai ta ɗan fizgi wutar ɗigon ƙasa ta cikin ƙaramin kafasiton da ke tsakaninsu. Shi yasa ake sauke VCOM ƙasa da tsakiya kaɗan don fozitif da nagetif su zo ɗaya. In ba su zo ɗaya ba toka ce ke fara rawa, dalili ɗaya da na sama, a tsakiyar gangare ƴar wuta ke yin babban aiki.

Dan_Samaru, don rubutun furojek ɗinka, ka sani ba FRC kaɗai bace hanya. Akwai ta faɗin bugu, wato a cikin ɗan lokacin da aka zaɓi layi a kunna ɗigon rabin lokacin a kashe rabi, ba ta ƙiftawa amma bugun na ƙara sirancewa, lanƙwasar da na faɗa sai ta fi cin ta, matakai su kauce. Shi yasa kontirolar da aka yi don toka suke haɗa biyun, kamar ST7571 mai matakai 4 ko ST7529 mai 32, kuma suna barinka ka juya fuskar wuta duk bayan layi kaza maimakon duk zagaye, wanda ke sa yawan sauyi a layukan tsaye ya kusa zama ɗaya ko me aka zana, jirwaye ya ragu. Naka KS0107 bashi da wannan, don haka kada ka sa ran jirwayen zai ɓace gaba ɗaya. Akwai kuma masu zaɓen layuka da yawa lokaci ɗaya maimakon ɗaya-ɗaya, Scheffer da Clifton sun fito da tasu a 1992 a Amurka, Ruckmongathan na cibiyar bincike ta Raman a Bangalore ta Indiya shima ya daɗe yana aiki a kai, har da hanyoyin fitar da toka. Sun rage matsalar ruwa mai sauri da ke bin kowane bugu, amma iyakar Alt da Pleshko tana nan ba su tsallake ta ba, TFT ce tazo ta kauce mata gaba ɗaya da farashinta ya sauko. Game Boy na 1989 ma da kamfani guda ya zauna ya tsara masa gilas, matakai huɗu ya tsaya, to kai da KS0108 kada kayi kwaɗayin takwas.

Dan_Samaru:

Jama'a na dawo da rahoto. Na sa kafasito huɗu na 1uF, na gajarta wayoyin da suka kai kusan kamu ɗaya da rabi, na raba wutar fitila. FRM ta bani wahala, sai da na ari osiloskof a lab na gano ta, hannuna na rawa na liƙa wayar, amma tana shiga intarof igiyar ta ɓace ɗif kamar an ɗauke da hannu. Anti Yar_Kod Allah ya biya, na raba ta kwance kamar yadda kika ce, ƙiftawar sai ka matso sosai. Da na saita bariyabul da sanduna huɗu yanzu ana bambanta duka huɗun, duk da baƙin ya ɗan koɗe kamar yadda Malam ya faɗa. Jirwayen ya ragu sosai amma yana nan kaɗan ƙarƙashin manyan lambobi, sai na matsar da lambobin gefe guda inda ba toka a ƙarƙashinsu, giraf ya zauna shi kaɗai, kowa ya huta.

Saura zafin. Na kai shi rana jiya da azahar minti ashirin toka mai hasken ta koma kusan mai duhu. Basakkwace tamistar da ka sa ta nawa ce, kuma jere ka haɗa ta da bariyabul ɗin ko gefe da gefe da rizisto? Ina da 10k guda biyu da na ciro daga tsohon fakitin batirin laftof.

Basakkwace:

10k ɗin ta yi. Kada ka sa ta ita kaɗai, ta cika saurin canzawa, haɗa ta gefe da gefe da rizisto sannan su biyun su shiga jere da ƙafar bariyabul ta ɓangaren +5, yadda in zahi ya tashi turjiyarta ta sauka wutar gilas ta ragu. Darajar riziston sai ka gwada, auna wutar ƙafa ta 3 ta sikirin, wato ta kontirast, da sanyin asuba inda toka ta yi maka daidai, ka sake aunawa da azahar bayan ka murɗa ta dawo daidai, turo min lambobin biyu in lissafa maka. Kuma ka manna tamistar jikin ƙarfen da ya zagaye gilas ɗin, ba a iska ba.